Darasi na 7: Ina Yaro a Cikin Kasafin Kuɗin Gwamnati?

'Yan uwa barkanmu da sake haɗuwa. A darasin baya mun koyi karanta manyan lambobi, dubu da miliyan da biliyan, to yau za mu kai su inda suka fi zama, wato kasafin kuɗin gwamnati, abin da wasu ke ce wa bajet. Kar sunan ya ba ku tsoro. Takarda ce kawai mai cewa ga kuɗin da ake sa ran za su shigo bana, ga kuma inda za a kashe su. Duk uwar da ta taɓa riƙe kuɗin wata a hannu tana cewa wannan na makaranta, wannan na magani, wannan kuma a ajiye saboda ɓacin rana, ai ta riga ta san bajet, bambancin kawai na gwamnati shafinsa ya fi yawa kuma ana rubuta shi da irin yaren da ke sa mutum gyangyaɗi.

Ku fara rubuta waɗannan kalmomin a littafinku, kowace sau uku: kasafi, tsari, yanayi, juriya, ware, saki. Biyun ƙarshen ku ja musu layi a ƙasa, za mu dawo kansu don nan ne ake yi mana wayo.

Me ya haɗa yaro da sauyin yanayi?

Ku kawo aji ɗaya a ranku, ƙarfe ɗaya na rana a watan zafi. Rufin kwano ne babu silin, taga biyu ɗaya ta lalace an toshe ta da katako, yara sun cika benci har wasu na zaune a ƙasa. Malama na rubutu a allo gumi na ɗiga daga gwiwar hannunta, yaron da ke layin baya ya kifa kai a kan jakarsa, ba lalaci ba ne, kansa ke sarawa, kuma famfon makarantar ya ƙafe tun watan jiya. Wannan yaron sunansa na cikin rajista, an ƙirga shi cikin masu zuwa makaranta, amma wallahi ranar babu abin da ya shiga kansa.

Jikin yaro ba irin na babba ba ne. Yana ɗaukar zafi da wuri, ruwan jikinsa na ƙarewa da sauri, numfashinsa ya fi namu sauri shi ya sa ƙura da hayaƙi suka fi shigarsa. In ambaliya ta haɗe ruwan masai da na sha, babba zai yi gudawa kwana biyu ya miƙe, jariri kuwa gudawar nan na iya tafiya da shi. In fari ya zo abinci ya yi ƙaranci a cikin kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu, tsumburewar da yaro zai yi da wuya ta gyaru ko da daga baya an samu wadata.

Kuma maganar ba ta ƙasa ɗaya ba ce. A 2021 asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da lissafi cewa yara kusan biliyan 1, wato kusan rabin yaran duniya, suna zaune a ƙasashe 33 da haɗarin sauyin yanayi ya fi tsanani, alhali hayaƙin da ƙasashen nan 33 ke fitarwa kashi 9 cikin 100 ne kacal na duniya, wani ya hura wuta wani ke shan hayaƙi kenan. A 2024 ɗalibai aƙalla miliyan 242 a ƙasashe 85 karatunsu ya katse saboda zafi ko ambaliya ko guguwa, kuma zafi ne kan gaba. Sudan ta Kudu a watan Maris na shekarar sai da ta rufe makarantu gaba ɗaya don ana hasashen zafin zai kai digiri 45. Pakistan kuwa ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, makarantu kusan 27,000 suka lalace. Ku karanta lambobin nan da ƙarfi, kowa ya gwada rubuta 27,000 da haruffa.

Inda yaro ke faɗawa rami

Ga inda gizo ke saƙar. Gwamnati a rarrabe take ma'aikata-ma'aikata. Maganar yanayi galibi ana jefa wa ma'aikatar muhalli, su kuma hankalinsu na kan bishiya da shara da zaizayar ƙasa. Maganar yara ana miƙa wa wani ƙaramin sashe da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa rufin ajin nan da muka gani yana hannun ma'aikatar ilimi, famfon na hannun ta ruwa, kwalbatin da zai hana ruwa shiga makarantar na hannun ta ayyuka, kowa da layinsa kowa da ofishinsa, to idan ruwa ya ci ajin sai ka ga kowa na nuna ɗan uwansa da yatsa.

Na taɓa zama a wani taro da aka raba mana littafin tsari mai sheƙi, bangonsa hoton yara ne suna dariya suna dasa bishiya, a ciki kalmar yara ta fito ba adadi. Da aka kawo takardar kasafin da za a yi aikin da ita na bi layi-layi da yatsa, motoci na nan, taron bita na nan, gyaran ofis na nan, amma ko layi ɗaya babu na makaranta ko na asibitin yara. Na tambaya aka ce min ai "yana ciki gaba ɗaya". Tun ranar na daina yarda da hoton bango.

Ko a sama ma haka abin yake. A 2023 UNICEF da ƙungiyoyin agajin yara Save the Children da Plan International sun duba ayyukan manyan asusun yanayi na duniya na tsawon shekara 17, suka tarar kashi 2.4 cikin 100 na kuɗin ne kawai za a iya cewa an tsara da yara a rai.

Alhali doka ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita in ban da Amurka, sashe na 4 ya ce gwamnati ta yi amfani da iyakar abin da take da shi wajen cika haƙƙin yara, sashe na 12 kuma ya ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi. Kwamitin da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya yi bayani na musamman a kan kasafin kuɗi a 2016, ya sake yin wani a kan muhalli da sauyin yanayi a 2023. Saboda haka in kin tambaya ba roƙo kike ba Hajiya, bashi kike bi.

Tun ran gini tun ran zane

Abin da ake nufi da sa yara da juriyar yanayi cikin tsari ba wai a buɗe sabon ofis ba ne a sayi sabuwar mota. Kuɗin da dama za a kashe ne a kashe su da tunani. Za a gina aji dai ko? To a gina shi a tudu, a ɗaga harsashi, a sa silin da tagogi masu fuskantar juna iska ta ratsa, a dasa bishiya a ware kuɗin ba ta ruwa. Za a sayi firij na allurar rigakafi? Yawancin alluran nan sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, in wuta ta ɗauke a tsakiyar zafi sun lalace, to a sayi mai sola. Ƙarin kuɗin kaɗan ne in aka kwatanta da sake gini bayan ruwa ya kwashe.

Bangaladesh ce misalin da na fi so. A 1970 guguwar teku ta kashe musu mutum aƙalla 300,000. Daga nan suka shiga gina mafaka a bakin teku, gini mai ƙarfi a kan ginshiƙai ruwa ya wuce ta ƙasa, kuma dabarar da suka yi ita ce da yawa daga ginin nan makarantun firamare ne a ranakun lafiya, ranar guguwa su zama mafaka. Gini ɗaya aiki biyu, kuma tunda kullum yara na ciki ba a bar shi ya zama kango ba, kowa ma ya san hanyarsa. Suka haɗa da 'yan sa kai masu zagayawa da lasifika suna gargaɗi, in kunne ya ji jiki ya tsira. A 2020 da wata babbar guguwa ta taso sun kwashe mutum sama da miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba.

Ƙasar Nefal kuma wata dabara ta yi, tun kasafin 2013 take sa alama a gefen duk layin da ya shafi yanayi, don a iya tarawa a ce ga jimillar abin da aka ware. Irin alamar nan ana iya sa wa layukan yara. Amma fa in faɗa muku gaskiya, alama ba ta ƙara ko kwabo, kuma jami'i mai wayo zai iya manna ta a kan aikin da bai da alaƙa, amfaninta dai tana ba mai tambaya bakin zare.

An ware, an saki

Yanzu ku buɗe inda kuka ja layi. Kasafi na bin matakai huɗu, ma'aikatu su tsara, majalisa ta amince, a kashe, sannan masu binciken kuɗi wato odita su duba. In ka ji a rediyo an ce "an ware" kuɗi kaza, wannan mataki na biyu ne kawai, rubutu ne a takarda. "An saki" shi ne kuɗin sun bar baitulmali sun isa hannun masu aiki. Tsakanin kalmomin nan biyu makarantu da yawa suka maƙale, gini ya kai linta ɗan kwangila ya tattara kayansa.

Mu yi lissafi. A ce an ware miliyan 100 don gyaran azuzuwa 20, kowane aji nawa kenan? Miliyan 5. To shekara ta ƙare miliyan 40 kawai aka saki. Azuzuwa nawa za su gyaru? Nawa suka rage? In kowane aji na ɗaukar yara 50, yara nawa za su shiga wata daminar a ƙarƙashin rufi mai yoyo? Ku yi a littafi kafin ku duba na maƙwabci.

Akwai kuma wani rabo da ya kamata ku sani, kuɗin manyan ayyuka da kuɗin yau da kullum. Na farko shi ke gina rijiyar burtsatse, na biyu shi ke gyara ta ranar da famfo ya tsaya. Shugabanni sun fi son na farko don ana yanka kyalle a ɗauki hoto, gyara kuwa ba mai tafa maka, shi ya sa za ka ga tanki tsaye da allon suna a jikinsa amma ko ɗigo babu. Duk layin gini da kuka gani ku nemi ƙaninsa na gyara.

Karatu: mutum biyu su tashi

Uwa: Ranka ya daɗe, mun ga an rubuta gyaran makarantu a kasafin bana. Wace makaranta da wace?

Jami'i: Ai Hajiya duk za a taɓa, kar ki damu.

Uwa: Allah ya sa. Amma tamu ruwa na shiga aji duk damina. Gyaran ya haɗa da magudanar ruwa da ɗaga daɓe, ko fenti ne kawai?

Jami'i: To, sai na duba takardar aikin.

Uwa: Madalla. In ka duba, muna so mu san nawa aka ware, nawa aka saki zuwa yau. Yaushe za mu dawo?

Jami'i: Ku dawo bayan sati biyu.

Uwa: Mun gode ranka ya daɗe, bari in rubuta ranar a gabanka.

Kun lura ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce an ci kuɗi ba, tambaya take mai buƙatar lamba, kuma ba ta tafi ba sai da aka sa mata ranar dawowa. Sai dai wani abu guda, ta makara kaɗan. Lokacin da magana ta fi tasiri shi ne matakin farko, watanni kafin a kai kasafi majalisa, ba a fafe gora ranar tafiya. A wasu wuraren ma jama'a ake kira su zaɓi ayyukan da kansu, birnin Porto Alegre na Birazil ya fara haka a 1989. In babu irin wannan a inda kuke, akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai wakilinku a majalisa, kuma takarda mai sa hannun mutum 30 ta fi ƙorafin baki nauyi.

Sannan ku tambayi yaran kansu. Su suka san wane lungu ruwa ke tarewa a hanyar makaranta, wane aji ne ba ya zaunuwa bayan sha biyu, me ya sa 'yan mata ba sa shiga bayin makarantar. Injiniya da ya zo da rani ba zai ga wannan ba.

Aikin gida

Kowa ya zaunar da yaro ɗaya a gida, naka ko na maƙwabci, ka tambaye shi me ke hana shi karatu ranar zafi sosai, me kuma ke hana shi ranar ruwa sosai. Ka rubuta amsarsa da hannunka cikin jimla uku, kar ka gyara masa magana. A ƙasa ka rubuta wace ma'aikata kake ganin aikin ya rataya a wuyanta, in ka ga biyu ne ka rubuta biyun. Wanda ke da waya mai intanet ya gwada neman kasafin bana, ya kwafo mana layi ɗaya kacal da ya shafi makaranta ko asibiti ko ruwa, da lambar da ke gabansa. Ku zo da littafin a zama na gaba, da amsoshin za mu koyi rubuta takardar koke.