Yadda za ka karɓo rarar harajinka a Birtaniya idan ka ajiye aiki za ka yi doguwar tafiya

Ƙanen wani abokina ya yi shekara biyu yana aikin kula da tsofaffi a Bradford. Da watan Oktoba ya ƙare sai ya ajiye aikin, ya ce zai yi Umara, ya wuce Kano ya ga mahaifiyarsa, daga nan ya zaga wajen 'yan uwa a Kumasi da Yawunde kafin ya san inda zai sa gaba. Ranar da muka haɗu a Kano na tambaye shi ko ya nemi rarar harajinsa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wace rara kuma? Ai abin da ya shiga hannun Bature ya shiga ke nan." To ba haka ba ne. Sama da fam 1,000 yake bin hukumar harajin ƙasar, wato HMRC. Sai dai ya riga ya rufe asusunsa na banki, layin wayarsa na can kuma yana aljihun wata tsohuwar jaka da ya bayar kyauta ana gobe zai tashi. Kuɗin sun fito daga baya, amma bayan wahalar da babu dalilin shan ta.

Inda rarar take fitowa

Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. A cikinta ba a taɓa fam 12,570 na farko da ma'aikaci ya samu. Abin da ya haura haka, har zuwa fam 50,270, shi ake cire wa kashi 20 cikin 100. Lambar nan 1257L da kake gani a takardar albashinka, abin da take nufi ke nan. Sikotland na da nata matakan daban, amma wannan kason da ake ɗaga wa ƙafa ɗaya ne ko'ina.

Wurin aikinka ba ya jira sai ka cinye fam 12,570 ɗin sannan ya fara yanka. Tsarin da ake kira PAYE raba kason yake gida 12, kowane wata kimanin fam 1,048, bisa zaton kana nan kana aiki har Afrilu. Idan ka tashi a tsakiyar shekara, kason watannin da suka rage yana nan ba ka ci ba, alhali an riga an yanke ka tamkar za ka cika shekara.

Mu ɗauki mai albashin fam 2,400 a wata. Kowane wata ana cire masa kimanin fam 270. Ya yi aiki daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, wata 7 ke nan: ya samu fam 16,800, an cire masa kusan fam 1,890. Amma harajin da ya hau kansa a zahiri shi ne kashi 20 na abin da ya haura 12,570, wato na fam 4,230, wanda ya kama fam 846. Sauran, sama da fam 1,000, nasa ne. Da a ƙarshen Agusta ya tashi, duk abin da ya samu fam 12,000 ne, bai kai ma'aunin ba, don haka kowane kwabo da aka cire masa na haraji zai dawo. Lissafin kai-tsaye: duk watan da ya rage ba ka yi aiki ba yana jawo maka kusan fam 210, matuƙar abin da aka cire maka ya kai hakan. Wanda ya bari sai Maris, kusan babu abin da zai bi baya.

Mataki na farko: duba lambar harajinka tun kana bakin aiki

Ɗauko takardar albashinka ta ƙarshe ka duba lambar. Idan ka ga BR ko 0T, ko kuma 1257L da W1, M1 ko X a bayanta, akwai alamar an daɗe ana yankar ka fiye da ƙima. Wannan yana yawan faruwa da mutanenmu, musamman wanda ya fara aiki bai cike takardar sabon ma'aikaci ba, ko mai haɗa aiki biyu, na dare da na ƙarshen mako. Irin wannan rararsa takan fi lissafin da na yi a sama.

A wannan lokacin kuma za ka buɗe asusunka na haraji a shafin GOV.UK, ko ka sauke manhajar HMRC a waya. Za a nemi lambarka ta inshorar ƙasa, wadda ake ce wa NI, a kuma yi maka tambayoyin tantancewa da suka shafi takardun albashi ko P60, wato takardar da wurin aiki ke bayarwa a ƙarshen shekarar haraji mai nuna jimlar albashi da harajin shekarar. Ka yi wannan kana zaune a ɗakinka takardunka na gabanka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar shiga da kalmar sirri, rubuta su a inda ba za su ɓata ba.

Na biyu: P45

Duk wanda ya bar aiki, dole wurin aikinsa su ba shi P45. Ita ke nuna ranar da ka tashi, lambar harajinka, jimlar albashin da ka samu daga 6 ga Afrilu da jimlar abin da aka cire. Kashi na 1 yana tafiya wajen HMRC, 1A naka ne na ajiya, na 2 da na 3 su ne za ka yi aiki da su. Ba a sake buga ta idan ta ɓata, saboda haka da ta shigo hannunka ka ɗauke ta hoto ka tura wa kanka.

Matsalar ita ce ba kasafai take fitowa ranar sallama ba, sai an yi albashin ƙarshe. Kai kuma wataƙila jirginka ya riga ya tashi. Don haka ka je wajen masu albashi da ƙafarka, ka tambaye su ta imel za su turo ko ta gidan waya, kuma wane adireshi ke hannunsu. Ka tabbatar sun haɗa kuɗin hutun da ba ka ci ba cikin albashin ƙarshen. Idan suka biya shi daga baya, bayan P45 ta fita, da lambar 0T ake yanke shi, babu ragi ko kaɗan. Ba asara ba ce, zai shiga lissafin rara, amma sai ka riƙe takardar wannan biyan ita ma.

Na uku: kada ka rufe asusun banki, kada ka yar da layi

Nan ne ƙanen abokina ya faɗi, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. HMRC da fam take biya. Yawancin cak ɗin da take aikowa a bankin Birtaniya kawai ake iya zuba shi, kuma ba ta biyan kuɗin canji ko na tura kuɗi ƙetare. Ka yi tunanin cak ɗin fam ya iso ka a Zinder ko Gusau bayan makonni a hanya, ka shiga banki da shi ana juya shi ana kallon ka. Bar asusunka a buɗe da ɗan abin da zai riƙe shi, ka soke duk wani biyan wata-wata da ke cirar kansa da kansa.

Layin waya kuwa, ta nan lambar tantancewa ke shigowa duk sanda za ka shiga asusun haraji ko na banki. Ko dai ka riƙe layin kana ɗan sa masa kuɗi don kada a kashe shi, ko ka mayar da tantancewar kan manhaja tun kafin ka tashi.

Akwai damar ka naɗa wani ya karɓa a madadinka, fom ɗin neman rarar yana da gurbin sunansa da adireshinsa. Dama ce mai kyau, amma kuɗin da sunansa za su fito. Ka san wanda za ka rubuta. Zumunci da yawa ya mutu a kan abin da bai kai fam 1,000 ba.

Na huɗu: P85 ko P50?

Waɗannan su ne fom biyu na neman rarar, kuma wanda za ka cike ya danganta ga irin tafiyarka. Idan barin ƙasar za ka yi, ba ka san ranar dawowa ba, ko za ka kama cikakken aiki a wata ƙasa na aƙalla shekarar haraji guda cur, P85 ne naka. Zai tambaye ka ranar tashi, ƙasar da ka nufa, ko kana da gida a Birtaniya, kwana nawa kake sa ran yi a can nan gaba, da ko akwai kuɗin da zai ci gaba da shigo maka daga can, kamar na haya ko fansho. Faɗi gaskiya yadda take. Wanda bai tashi ba tukuna ya cike, ya buga, ya haɗa da kashi na 2 da na 3 na P45 ya aika ta gidan waya. Wanda ya riga ya sauka gida, na intanet ya fi masa sauƙi.

Idan kuwa yawon watanni ne kawai, ka huta, ka yi ibada, ka gaida dangi ka koma, to P50 ya fi dacewa. Sharaɗinsa ka yi mako huɗu ba ka aiki, ba ka karɓar tallafin gwamnati da ake cire wa haraji, kuma ba ka da niyyar kama wani aiki nan kusa. In kuma ka san za ka dawo ka kama sabon aiki kafin 5 ga Afrilu, kada ka wahalar da kanka da ko ɗaya. Miƙa P45 ɗinka ga sabon wurin aikin, rarar za ta biyo albashinka.

Mai sana'ar kansa, ko duk wanda da ma yake cike takardar Self Assessment, wato ta bayyana kuɗin shiga da haraji da kansa, kowace shekara, ba ya cike P85. A cikin takardar tasa zai bayyana tafiyar, a shafukan da ake kira SA109.

Wata magana da ba ta haraji ba, amma ba zan wuce ta ba: idan bizarka ta aiki ce da kamfani ya tsaya maka, ajiye aikin yana taɓa bizar kanta. Kamfanin zai sanar da hukumar shige da fice, kuma yawanci akan taƙaita bizar ta koma kwana 60 kacal. Mai cewa "zan ɗan zaga in dawo" ya fara warware wannan kafin ya yi lissafin fam 210.

Na biyar: tattara 'yan ƙananan hakkoki

Tunda ka buɗe littafin, duba sauran. Idan kai kake wanke kayan aikinka na dole, akwai ragin da ake yi a kan fam 60 a shekara ga yawancin ma'aikata, fam 125 ga nas-nas da ungozoma. Kuɗin sabunta rajistar aikin jinya da kake biya daga aljihunka shi ma ana rage masa haraji. Ba fam 125 ɗin za a ba ka ba, kashi 20 ɗinsa ne, wato fam 25, amma ana iya neman na shekarun baya a haɗa. Fom ɗinsa P87.

Abin da ba ya dawowa shi ne kuɗin inshorar ƙasa. Shi kowane albashi ake lissafa shi daban, barin ƙasa ba ya sa a mayar. Kuɗin fanshon wurin aiki ma yana nan da sunanka har ka kai shekarun ɗauka, don haka ka bar musu adireshin imel mai rai. Ma'aikacin NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, da bai cika shekara biyu cikin tsarin fanshonsu ba yana iya neman a mayar masa da abin da ya zuba.

Jira, da masu jiran ka

Bayan ka tura, sai haƙuri. Abin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, na gidan waya ya fi jinkiri. Riƙa leƙa asusunka na haraji maimakon zaman jiran wasiƙa a gidan da ka riga ka bari. Ko ba ka cike komai ba, bayan shekarar haraji ta ƙare HMRC takan yi nata lissafin ta fitar da takardar P800. Idan ta nuna kana bin su, ka nema ta intanet, kuɗin kan shiga asusu cikin kwanakin aiki biyar.

A tsakanin nan saƙonni za su fara shigowa: "An amince da rararka, danna nan ka sa lambar katinka." HMRC ba ta neman bayanan banki ta tes, imel ko WhatsApp. Mu da muka san 'yan damfara tun a gida bai kamata a kama mu da wannan ba, amma mai jiran kuɗi idonsa rufewa yake. Haka kamfanonin da ke tallar za su karɓo maka: fom ɗin da za ka cike kyauta cikin rabin awa shi za su cike, su yanki kaso mai tsoka.

Wanda ya riga ya dawo gida tun bara ko bara waccan bai nema ba, ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Shekara huɗu ake bayarwa daga ƙarshen shekarar harajin da abin ya shafa. Wanda ya bar aiki a Oktoban 2024, shekararsa ta ƙare ran 5 ga Afrilun 2025, yana da har zuwa 5 ga Afrilun 2029. In P45 ta ɓata, alƙaluman albashin da na harajin suna nan cikin asusunsa na GOV.UK, daga nan zai kwafo su.