Kafin ka sayi lensi 90 ga tsohuwar kyamararka ta fim

Duk wanda ya jima yana ɗaukar hoto da renjifainda, irin su Leica M ko Canon P ko Bessa, wata rana sai ransa ya biya da lensi mai ɗan jawo nesa, milimita 75 ko 85 ko 90, saboda yana so ya ɗauki fuskar mutum ba tare da ya kai masa kyamara har hanci ba. Kuma abin da yawanci muke yi shi ne mu shiga intanet muna neman wanda ya fi buɗewa, f/2 ko f/1.4, alhali ba daga nan ake farawa ba. Daga kyamarar da ke hannunka ake farawa.

Ka tuna a renjifainda ba ta cikin lensin kake kallo ba, ta wata 'yar taga daban kake leƙe, komai lensin da ka ɗaura girman abin da kake gani a tagar ba ya canzawa, sai dai layukan da ke nuna iyakar hoton su matse. To da 90 ɗin nan iyakar hoton ka wani ɗan akwati ne a tsakiya, shi ya sa abu na farko ka duba ko kyamararka ma tana da layin. Leica M3 da ta fito a 1954 tana da na 50 da 90 da 135, tagarta kuma 0.91 ce, kusan yadda ido ke gani, shi ya sa har yau ba a samu wadda ta kai ta daɗin 90 ba a gidan Leica. M2 tana da 35, 50, 90 amma tagarta 0.72 ce, akwatin ya ƙara ƙanƙancewa. Layin 75 bai zo ba sai a M4-P, kuma a M6 tare yake fitowa da na 50, 'yan kusurwoyi ne kawai a cikinsa, ni dai sau nawa ina mantawa in bi layin waje in yanke wa mutum hula. Canon P kuwa layinta na nesa 100 ne, don haka ƙaramin Canon 100 f/3.5 shi ne abokin tafiyarta. In ka ɗaura 85 kana bin layin 90 ba komai, ɗan ƙari kaɗan zai shigo gefe.

Sai maganar saiti, nan ne fa ake kuka. Kyamarar tana auna nisa ne da tagogi biyu da ke gabanta, suna nuna maka hotuna biyu a tsakiyar tagar leƙe, in sun haɗe su zama ɗaya saiti ya yi, iya tazarar da ke tsakaninsu da girman tagar leƙe iya daidaiton awon. M3 tazararta doguwa ce, Leica CL ta 1973 da Bessa tasu gajera ce, ba banza ba aka yi wa CL nata lensin Elmar-C 90 a f/4. Ka ɗauki 90 a f/2 mutum yana tsaye mita ɗaya daga gare ka, wurin da zai fito ras a hoton bai kai santimita biyu ba, wato in ka saita a ido kan hancin ya riga ya fara dusashewa, kai ka ɗan yi numfashi ka karkata, shi ma ya ɗan motsa, shi ke nan an tashi a tutar babu, kuma ba za ka sani ba sai an wanko fim ɗin bayan sati biyu.

Ni na sha wannan da Jupiter-9, 85 f/2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyat wanda aka kwaikwaya daga Sonnar na Zeiss. Araha ta ja ni, na sa masa adafta na ɗaura a kan M, na ɗauki kawuna yana zaune a kan darduma da carbi a hannu, fim guda cur na ƙarar a kansa. Da hotuna suka fito kunnensa da zaren bayan hularsa sun fito tsaf har ana iya ƙirga ɗinkin, idanu kuwa kamar an shafa musu man shanu. Laifina ne ban bincika ba, zaren murɗawar iri ɗaya ne da na Leica amma ma'aunin saitin ya ɗan bambanta, daga nesa ba ka gane komai, a kusa sai saitin ya faɗa bayan inda ka nufa. A kan kyamarorin Sobiyat irin su Zorki ko FED lafiya lau yake aiki. Irin wannan tarkon yana nan tsakanin Nikon S da Contax, lensin zai shiga ya kulle amma dogo ba zai saitu daidai ba.

Sannan ka tambayi kanka yaushe ma za ka yi amfani da f/2 ɗin. Gudun makullin Leica M ta fim, wato labulen da ke buɗe wa fim haske, iyakarsa 1/1000 na daƙiƙa, in kana da fim mai saurin kama haske 400 kamar Tri-X ko HP5 a ranar tsaka irin tamu ta watan Maris, wajen f/11 za ka tsaya ko kana so ko ba ka so. Ka ga ka ɗauki nauyin Summicron, wato 90 f/2 na Leica, a wuya yini guda kana aiki da shi kamar Elmar f/4. Shi ya sa shawarata ga yawancin mutane 90 f/2.8 ne, Elmarit ko siririn Tele-Elmarit ko M-Hexanon na Konica, in aljihu ya yi tsauri a nemi Elmar f/4 ko APO-Lanthar 90 f/3.5 na Voigtländer. Wanda ke da M3 kuma yana yawan ɗauka a cikin zaure ko bayan magariba, shi ne ya cancanci ya nemi f/2, kuma tsohon Nikkor 8.5cm f/2 ba abin rainawa ba ne, shi ne ya ja hankalin David Douglas Duncan na mujallar Life a 1950 har ya tafi yaƙin Koriya da lensunan Nikkor a kan Leica ɗinsa.

In lensin mai murɗawa ne kuma kyamararka M ce, ka kula da adaftar, iri uku ce, 28/90 da 35/135 da 50/75, ita ce ke kiran layin a tagar.

Ranar saye ka tafi da kyamararka da tocila. Buɗe lensin gaba ɗaya ka haska ta baya ka leƙa ta gaba, 'yar ƙura ba komai ba ce, amma hazo ko fumfuna mai kama da saƙar gizo ka ajiye masa kayansa, siririn Tele-Elmarit ya yi suna wajen hazo a gilasansa na baya. Murɗa zoben saiti ka ji ko yana tafiya sumul. Sai ka fita waje ka nufi wata hasumiya ko ƙarfen sabis can nesa ka kai zoben ƙarshe, dole hotuna biyun nan na tsakiyar taga su haɗe su zama ɗaya. In ya yarda a ba ka kwana biyu, ka jingina rula a karkace mita ɗaya daga kyamara, ka saita a lamba 15, ka ɗauka a buɗe gaba ɗaya sau uku kana sake saitin kowane karo, sannan ka kai a wanke. Lambar da ta fito ras a nagatif ita za ta gaya maka ko ka biya ko ka mayar.