Yadda ake amfani da giyar ogzilari da makullin tsakiya ba tare da an lalata mota ba

Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan Bokkos ko Mangu a jihar Filato cikin watan Agusta don ɗauko dankali ya san inda kwalta ke ƙarewa, ya kuma san abin da jar ƙasar nan take komawa idan ta sha ruwan kwana uku. Sau da yawa za ka tarar da Hilux ta kafe a laka, tayoyin baya sai wulwulawa suke, na gaba ko motsi, alhali ƙaramar giyar da za ta fitar da ita tana nan kusa da gwiwar direba. Wani kuma ya sa giyar tun daga gona, ya manta da ita har ya wuce Mararrabar Jama'a, bayan 'yan kwanaki sai garejin Farin Gada a Jos. Wannan na biyun ya fi damuna, domin asararsa ta fi yawa.

Fara da sanin irin motar da ke hannunka. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya, shi ne makanikai ke kira ogzilari. Farfela biyu, wato sandunan ƙarfe masu kai juyi ga tayoyi, ke fita daga jikinsa, ɗaya ta nufi tayoyin baya, ɗaya ta nufi na gaba. Aikinsa biyu: raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, da kuma rage gudu don ƙara ƙarfin ja. Dubi rubutun da ke kan ƙaramar giyar, ko kan maɓallin da ake murɗawa a sababbin motoci. In ka ga H2, H4 da L4, kamar a Hilux, motarka da tayoyin baya kawai take tafiya (H2) sai ka gayyato na gaba (H4, ko L4 mai rage gudu da ƙara ƙarfi). In kuwa babu H2, kamar a Prado da manyan Land Cruiser irin 100 da 200, kullum tayoyi huɗu ke ja, kuma za ka ga wani maɓalli mai zanen tayoyi huɗu da alamar X a tsakiyarsu. Shi ne makullin tsakiya.

Ga inda ya kamata ka natsu. Idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya zagaye mai faɗi. Zuba ruwa a tsakar gida ka tura keke ta ciki ka karya kwana, za ka ga sawu biyu ne, na baya yana daga ciki. Ke nan a kowace kwana farfelar gaba tana bukatar ta ɗan fi ta baya juyawa. A Prado akwai difaranshal a cikin ogzilari, wato haɗin giya da ke barin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya juyawa, wanda ke ba su wannan damar, shi ya sa take yawo a kwalta da tayoyi huɗu lafiya lau. Amma wannan sassaucin shi ne rauninsa a laka, domin ƙarfi yakan zurare ya tafi inda babu turjiya. In tayoyin gaba suna kan santsi, su ne za su kwashe juyin, na baya da ke kan tsandauri su tsaya kallo. Prado 120 da 150 suna da irin difaranshal ɗin da ake kira Torsen, mai karkatar da ƙarfi zuwa ɓangaren da ya fi kama ƙasa, sai dai shi ma yana da iyaka. Da ka danna makulli, farfelolin biyu sun zama kamar sandar ƙarfe guda, dole su juya tare.

Hilux ba ta da wannan difaranshal na tsakiya ko kaɗan. Da ka shiga H4, daidai take da Prado da aka kulle. A laka ko yashi ba matsala, taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta babu inda za ta zame, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa a ciki. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota tana turjewa a kwana, tayoyi na ƙugi. Abin da ke biyo baya shi ne cinyewar taya, miƙewar sarƙar cikin ogzilari, ko karyewar haƙoran giya.

To, yanzu aiki. Tun kana ganin lakar daga nesa za ka shirya, ba sai ka nutse ba. In tsohuwar Hilux ce ko Land Cruiser 70 mai hab, wato makullin da ake murɗawa da hannu a tsakiyar tayoyin gaba, sauka ka murɗa duka biyun daga FREE zuwa LOCK. Ɗaya kawai ba ya amfani. Daga nan miƙar da sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur, ka ja giyar zuwa H4 ko ka danna makullin tsakiya. Ana iya yin wannan mota na tafiya a hankali, amma kada ka kuskura ka yi shi taya na wulwulawa. Jira fitilar dashbod ta daina ƙiftawa ta tsaya cak, sannan ka shiga.

L4 kuwa sai an tsaya. Taka birki mota ta tsaya gaba ɗaya, ka taka kuloci har ƙasa, in otomatik ce ka sa ta a N, sannan ka shigar. A Hilux da Prado wannan giyar tana ninka ƙarfin ja kusan sau 2.5, gudu kuma ya ragu daidai haka. Wurinta hawa mai duwatsu irin na wajen tsaunukan Shere, ko janyo wata motar da ta kafe, ko gangara mai santsi. A gangara sa lamba ɗaya ka bar inji ya riƙe motar, kada ka taka kuloci. A kula: a Prado shiga L4 ba lallai ya kulle tsakiya ba, duba fitilar makullin da kanka.

Mutane kan tambaya game da Hawan Kibo, hawan nan da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Kwalta ce, kuma kwana ce a kan kwana. Ko ruwa ake yi kada ka kulle, kada ka sa Hilux a H4. Giya ƙasa da haƙuri su ne maganinta. Masu Pajero mai tsarin Super Select su ne suka dace, domin 4H ɗinsu yana da difaranshal na tsakiya, ya halatta a kwalta. Nasu kullen shi ne 4HLc da 4LLc.

Makullin tsakiya gaba da baya yake haɗawa, ba hagu da dama ba. In tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu suka rataye a kwazazzabo, mota za ta tsaya ko da an kulle. Nan sai makullin aksil na baya, mai haɗa tayar hagu da ta dama, ga mai shi, wanda ba shi da shi kuma ya nemi duwatsu da itace ya cika ƙarƙashin tayar.

Da ka hango kwalta, saki makullin ko ka koma H2. In fitila ta ƙi mutuwa ko giyar ta ƙi fita, kada ka yi kokawa da ita, murɗuwar nan ce ta matse haƙoran. Miƙar da sitiyari, ka yi ribas na 'yan taku, ka sake gwadawa. Mai hab ya mayar da su FREE.

Saura kulawa. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, cinsu ya yi kusa da juna, domin taya mai tsawo da gajeriya suna jawo irin murɗuwar nan ko a miƙaƙƙiyar hanya. Ogzilari yana da mansa daban da na giyabos, kuma yawancin masu juyen mai ba sa taɓa shi sai ka ce. In ka ratsa rafi mai zurfi, sa a kwance toshiyar a duba. Man da ya koma kalar shayi da madara ruwa ya shiga, a sauya shi a ranar. Da rani ma kada ka bar giyar ta yi wata da watanni ba a taɓa ba. Littafin Toyota ya ce a yi tafiyar kilomita 16 da tayoyi huɗu kowane wata don mai ya zaga kayan gaba. Nemi hanyar burji a bayan gari ka yi wannan tafiyar kafin ruwan Afrilu ya sauka.