Yadda za ka farfaɗo da ajinka bayan hutun Disamba, ga kuma hunturu

Malam, Malama, in kun dawo zango na biyu kun ji jiki ya mutu kamar an zare muku laka, wallahi ba lalaci ba ne. Janairu ce, hunturu ya kankama, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga Bodele a ƙasar Chadi ta rufe gari har rana ba ta da ƙarfi sai wajen ƙarfe 10, albashin Disamba kuma tuni ya ƙare a hidimar gida da bukukuwa. Ni firamare nake koyarwa, aji uku, ga yadda nake bi da makonnin farko.

Abu na farko, kar ka buɗe sabon darasi ranar da aka dawo. Na taɓa yin wannan kuskuren, na cika allo da sabon lissafi, da na juyo sai na ga rabin aji sun cusa hannu cikin riga suna kallona kawai. Yaron da ya yi sati biyu ko uku bai riƙe fensir ba dole sai an tuna masa. Ka ba bita kwana uku, ka kira su ɗaya bayan ɗaya kowa ya karanta maka layi biyu, a nan za ka gane wanda karatunsa ya zube, ka rubuta sunansa a bayan rajista don ka dawo kansa.

Sai maganar sanyi, ita ce babba. Yaron da ke zaune a kan siminti, taga ba murfi, iska na shigowa, leɓe ya tsage ƙafa duk kaushi, me zai fahimta? Kafin ka ɗauki alli ka sa su miƙe su yi tsalle, su tafa, su yi ƙirga da ƙarfi daga 1 zuwa 50, minti biyar ya isa. A toshe tagar da iska ke shigowa da kwali ko buhu, masu zama a ƙasa a nemo musu tabarma ko da tsohuwa ce. In rana ta fito ku fita da su waje su yi karatu a hantsi, suna son haka sosai. Ni har ɗan kwalin man kaɗanya nake ajiyewa a durowa, akwai wata yarinya da yatsunta suka fashe har ba ta iya riƙe biro, kwana biyu muna shafa mata ta dawo rubutu, murnar da ta yi har yau ina tunawa.

Masu makara kuma don Allah a sassauta bulala a wannan watan. Wani sai ya ɗebo ruwa da asuba, wani sai an jira ruwan wanka ya yi zafi, in ka tarbe shi da duka gobe ba zai zo ba gaba ɗaya. Ka sa darasi mai nauyi irin lissafi bayan an dawo tara, wato hutun karin kumallo, lokacin jiki ya sake kuma kowa ya iso.

Daga nan ka zauna da kalanda. Shekarun nan azumi yana faɗowa cikin wannan zangon, a 2025 ma Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu saboda shi, don haka ka ƙirga makonnin da kake da su da gaske, ka zaɓi abin da dole yaro ya iya ka fara da shi. 'Yan aji shida masu jiran jarrabawar shiga sakandare su ne abin ji.

Kai ma ka kula da kanka fa. Ƙurar alli ta haɗu da ta hunturu ita ke dusashe murya, ka riƙa zuwa da ruwan ɗumi a filas kana kurɓa, ka rage ihu, ka koya musu in ka tafa sau uku kowa ya yi shiru. Lokacin tara kar ka zauna kai kaɗai a aji, je ka wurin 'yan uwa malamai a sha shayi a yi hira, ka tambayi na aji biyu yadda yake fama da nasa yaran.