Yadda zaka zaɓi keken ɗinki mara wahala kuma ka koyi taka shi

Toh farko dai kar yawan maɓallai ya ruɗe ka. Zaka ga keke an rubuta yana ɗinki kala 60 ko 100, wallahi sai ka shekara baka taɓa fiye da uku ba. Abinda ɗan koyo yake buƙata shine ɗinki miƙaƙƙe, da zigzag saboda cin baki kar yadi ya dinga zarewa, da kuma ribas wato komawa baya don ɗaure ɗinki. In akwai na ramin maɓalli ƙari ne.

Akwai baƙin keken nan na ƙarfe mai feda irin su Singer da Butterfly, baya buƙatar wuta kuma yana jure wahala, amma miƙaƙƙe kawai yake yi kuma sai ƙafarka ta saba da feda kafin ka daina mayar da shi baya. Akwai na wuta na gida irin Brother ko Janome, shi nafi ba ɗan koyo shawara in wuta ba matsala bace wajenka. Na masana'anta irin Juki kuwa ka bar shi tukunna, wani yana zuba ɗinki sama da 5,000 a minti ɗaya, kafin ka ankara ya wuce inda kake so. Ƙananan nan masu batir da ake riƙewa a hannu kuma ni dai ban ɗauke su keke ba, yadi ya ɗan yi kauri sai su tsaya.

Kafin ka biya, sabo ne ko na hannu, ka tafi da ƙyalle biyu, mai laushi da mai kauri irin jins, ka ce a bari ka gwada da kanka. Ka saurari ƙararsa, ka juya ƙyallen ka duba ƙasan ɗinkin ko ya kwanta kamar saman, ka tambaya ana samun allura da kwarkwaronsa, wato ɗan abin da ake nannaɗe zaren ƙasa a jiki, cikin sauƙi? Littafinsa ma kar ka baro shi.

Ka kawo shi gida, kar ka saka zare tukunna. Ɗauko takarda ka ja layuka da biro, miƙaƙƙu da masu lanƙwasa, ka dinga bi da allura tana huda takardar har ƙafarka ta san yadda ake tafiya a hankali. Wilin gefe kullum wajenka zaka juyo shi, ba gaba ba. Kuma kar ka ja yadi, haƙoran da ke ƙasa su ke tafiyar da shi, naka kawai saitawa, ja shine yake karya allura. In ka gama da takarda ka canza allurar don takarda tana dakushe ta.

Sai allura. Lambobinta biyu ne a jiki: 70/10 na yadi mara nauyi, 80/12 ko 90/14 na matsakaici, 100/16 na jins. Jikinta ta sama gefe ɗaya a baje yake, a yawancin kekunan wuta na gida baya yake kallo, a baƙin keke kuma gefe, nan ka duba littafi. Ka tura ta sama har ta tsaya sannan ka ɗaure sukurun.

Yanzu saka zare, kuma anan ne mutane suke shan wuya. Ka nannaɗe kwarkwaro ya cika daidai ba tudu ba kwari, ka saka a gidansa. Kafin ka fara bin hanyar zaren sama, ɗaga ƙafar da take danne yadi. Dalili kuwa akwai wasu faifai biyu da suke matse zare, wato tenshan, in ƙafar tana ƙasa a rufe suke, zaren ba zai shiga tsakaninsu ba. Ni ranar farko haka na yi, na ɗinka kamar taƙi ɗaya na juya yadin sai ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, na kwance kwarkwaro yafi sau biyar ina ta masifa an sayar min da mataccen keke, har na ciccibe shi zuwa wajen mai gyara. Mutumin ko sukudireba bai ɗauka ba, ɗaga ƙafar yayi ya zare zaren ya sake sakawa ya miƙo min. Don haka in kaga cukurkuɗa a ƙasa, zaren sama zaka fara tuhuma, musamman ko ya tsallake ƙarfen nan mai hawa da sauka.

Bayan ka zura a allura, riƙe bakin zaren da hagu, juyo wili sau ɗaya, allura zata sauka ta jawo zaren ƙasa. Ja su biyun ta baya kamar santimita 10. Saka yadi, sauke ƙafa, tsawon ɗinki ka barshi wajen milimita 2.5, ka riƙe zarurrukan a ɗinki biyu ukun farko. Yi uku gaba, ribas uku, sannan ka miƙe, ƙarshe ma haka. Idonka kan bakin yadi da layin da ke jikin farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, ba kan allura ba. In ka zo kusurwa ka tsaya allura na cikin yadi, ɗaga ƙafa, juya, sauke, ci gaba.

Aikin farko rigar filo ko jaka da yadin auduga, kar ka fara da mai santsi ko mai roba. In keke ya fara tsallake ɗinki sabuwar allura zaka fara gwadawa. Ka dinga share gashin yadi a gidan kwarkwaro da ɗan buroshi, mai kuma na keke kaɗai, ɗigo ɗaya a inda littafi ya nuna, sannan ka taka wani tsumma kafin ka ɗora yadin kirki kar ya ɓata maka shi.