Yadda ake ƙera 'yar tsanar yumɓu irin ta Japan

A garin Fukuoka ake yin 'yar tsanar Hakata: yumɓu ne ake gasawa ba tare da an shafa masa ruwan ƙyalli ba, sannan a yi masa fenti. Ga mai koyo, siffar kokeshi, wata 'yar tsanar Japan ta daban, ta fi sauƙi, duk da cewa asalinta na katako ne: kai zagayayye, jiki miƙaƙƙe, babu hannu babu ƙafa.

Kwaɓa yumɓu sosai har iskar ciki ta fita. Mulmula jiki mai tsawon santimita 10, da kai kamar ƙwan kaza. Rarake cikinsu kada kaurin bango ya wuce santimita 1, ka bar rami a gindi, ka kuma huda wuyan domin kogon kai ya haɗu da na jiki. Nan aka fi yin asara: damshin da ya maƙale a yumɓu mai kauri yakan zama tururi a wuta, ya fasa aikin. Wajen haɗawa, kankare fuskokin biyu da tsinke, shafa ruwan yumɓu, ka danna. Idan ba a kankare ba, kan zai ɓalle yana bushewa.

Shanya a inuwa kamar mako guda. Rana da iskar hunturu tsaga shi suke yi. In ka taɓa ka ji sanyi, bai bushe ba. Gasa a hankali zuwa digiri 900 a ma'aunin Celsius.

Wajen fenti, Japanawa suna fara shafa gofun, garin ɓawon kawa da aka dama da gam na fatar dabba. Farin fenti na ruwa ma ya wadatar, shafi biyu. Ido da gira a ƙarshe, da siririn buroshi, a ja layi sau ɗaya.