Yadda ake sa maciji ya riƙa girma a wasan kwamfuta da Python

Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 a shekarun farko na zuwan wayar salula ya san wasan nan: maciji na yawo a allo, ya haɗiye ɗan ɗigo, jikinsa ya ƙaru, har ya yi tsawon da zai ciji kansa wasa ya ƙare. Wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Taneli Armanto, shi ya rubuta na farkon don wayar Nokia 6110 a 1997, amma dabarar ta girme wa wayar, domin tun 1976 kamfanin Gremlin ya fitar da na'urar wasa mai suna Blockade, inda 'yan wasa biyu ke jan layi a bayansu. Har gobe ina ganin babu wasan da ya fi wannan dacewa da ɗan koyo, saboda ƙarami ne, kuma a cikinsa akwai wuri ɗaya da kusan kowa ke cijewa: jikin macijin.

Za mu yi amfani da yaren rubuta shirin kwamfuta na Python da Pygame, wato tarin kayan aikin da ake haɗa wasa da su a Python. A kwamfuta ka rubuta `pip install pygame` ka sauke shi. Wanda waya kaɗai yake da ita, manhajar Pydroid 3 ta Android tana ɗaukar Pygame, sai dai zai sauya maɓallan kibiya da taɓa allo.

Kafin ka taɓa kwamfuta, samo tsakuwa

Zana gidaje a ƙasa kamar za ka yi dara. Jera tsakuwa uku a gidaje uku masu bin juna, ta dama ita ce kai. To, matsar da wannan maciji gida ɗaya zuwa dama. Yawancin mutane za su tura ta gaba, su tura ta tsakiya, su tura ta baya, motsi uku ke nan. Amma duba da kyau: in ka ɗauke ta bayan kaɗai ka ajiye ta gaban kan, abin da ido zai gani ɗaya ne. Sauran ba su motsa ba, amma maciji ya ci gaba.

Yanzu ka ce ya ci abinci. Kada ka ɗauke ta baya. Ɗauko sabuwar tsakuwa daga gefe ka ajiye a gaba. Sun zama huɗu.

Sirrin ke nan gaba ɗaya. A kowane taku ana ƙara sabon kai, ana yanke wutsiya. Girma kuwa ba komai ba ne illa takun da aka bar wutsiya ba a yanke ba. In ka daina yanke ta kwatakwata, ka koma irin Blockade, layi na ta tsawo a bayanka.

Mataki na 1: shata fili, ajiye jiki a jeri

```python
import pygame, random

GIDA = 20
FADI, TSAWO = 30, 20

pygame.init()
allo = pygame.display.set_mode((FADI * GIDA, TSAWO * GIDA))
agogo = pygame.time.Clock()

jiki = [(5, 10), (4, 10), (3, 10)]
hanya = (1, 0)
nema = hanya
abinci = (15, 10)
```

Filinmu gida 30 ne a kwance, 20 a tsaye, gida 600 ke nan, kowane gida ɗigo 20 na allo. Shawarata ka riƙa lissafi da gidaje, kada ka taɓa ɗigon allo sai lokacin zane. Wanda ya gauraya su biyun zai ga maciji ya bi ta gefen abinci da ɗigo uku bai ci ba, ya yi ta neman dalili.

`jiki` shi ne jerin tsakuwoyinka. Kowace gaɓa lambobi biyu ce: gida na nawa daga hagu, gida na nawa daga sama. Python daga sifili yake fara ƙirga, don haka `jiki[0]` shi ne kai, `jiki[1]` wuya, na ƙarshe wutsiya. A lura, a allon kwamfuta lamba ta biyu tana ƙaruwa ne in ana sauka ƙasa, saboda haka hawa sama shi ne `(0, -1)`.

Mataki na 2: taku da girma

Wannan yana shiga cikin zagayen wasa, wato `while ana_wasa:`, sashen da ke maimaituwa a kowane taku. Sa `ana_wasa = True` a samansa. Matakai na 3, 4 da 5 ma a ciki za su zauna, `sabon_abinci` kuma za mu rubuta shi a mataki na 6.

```python
x, y = jiki[0]
sabon_kai = (x + hanya[0], y + hanya[1])
jiki.insert(0, sabon_kai)

if sabon_kai == abinci:
    abinci = sabon_abinci()
else:
    jiki.pop()
```

`insert` mai sifili yana cusa sabon kai a farkon jeri, `pop` yana cire na ƙarshe. Bi shi da fensir. Jiki yana `(5,10) (4,10) (3,10)`, ana tafiya dama. Sabon kai `(6,10)` ya shigo, sun zama huɗu, aka cire `(3,10)`, suka koma uku. Ranar da kai ya faɗa gidan `(15,10)` kuwa, ba a kai ga `pop` ba, sai su tsaya a huɗu. Ba ka buƙatar lissafin inda sabuwar gaɓa za ta zauna, ko wutsiya tana kallon gabas ko yamma. Tana nan inda tsohuwar wutsiya take.

Na daɗe a kan wannan ne don na sha wuya a nan. Karona na farko, hanyar tura tsakuwa ɗaya bayan ɗaya na bi: na matsar da kai, sannan na ce kowace gaɓa ta koma gurbin wadda ke gabanta, na faro daga wuya zuwa wutsiya. Da na kunna, sai ga murabba'i ɗaya tal yana yawo. Yana cin abinci, maki na hawa, jiki shiru. Dare guda na ɓata ina zargin wurin zane. Sai da na sa `print(jiki)` na ga abin da ya fito: `(6,10) (6,10) (6,10)`. Ashe wuya ya kwafi kai, na bayansa ya kwafi wuyan da ya riga ya sauya, duk suka taru a gida ɗaya. Gaɓoɓin suna nan, sun hau kan juna ne. Wannan hanya tana aiki in aka faro daga wutsiya aka yo gaba, amma me ya kai ka, tunda layi biyu sun wadatar?

Mataki na 3: zane

```python
allo.fill("black")
for gx, gy in jiki:
    pygame.draw.rect(allo, "green", (gx * GIDA, gy * GIDA, GIDA - 1, GIDA - 1))
pygame.draw.rect(allo, "red", (abinci[0] * GIDA, abinci[1] * GIDA, GIDA, GIDA))
pygame.display.flip()
agogo.tick(8)
```

A kowane taku ana shafe allo a sake zanawa daga jerin. Ɗigo ɗayan da muka rage yana barin siririn layi tsakanin gaɓoɓi, don ka iya ƙirga su da ido. Lambar 8 kuma taku takwas ne a daƙiƙa.

Mataki na 4: hana shi juyowa cikin wuyansa

Muddin maciji ya samu jiki, bai kamata mai tafiya dama ya juya hagu kai tsaye ba. Abin da aka saba yi shi ne a ce in sabuwar hanya kishiyar ta yanzu ce, a ƙi ta. Amma akwai kafa a nan. Mai saurin yatsa zai danna sama sannan hagu kafin taku ɗaya ya cika. Sama ta halatta, hagu ma ta halatta tunda ba kishiyar sama ba ce, alhali maciji bai motsa ba tukuna. Sai ya afka wuyansa, ɗan wasa ya mutu ba da laifinsa ba. Ni na fi son a tambayi jikin da kansa:

```python
MABALLAI = {pygame.K_UP: (0, -1), pygame.K_DOWN: (0, 1),
            pygame.K_LEFT: (-1, 0), pygame.K_RIGHT: (1, 0)}

for abu in pygame.event.get():
    if abu.type == pygame.QUIT:
        ana_wasa = False
    elif abu.type == pygame.KEYDOWN and abu.key in MABALLAI:
        nema = MABALLAI[abu.key]

x, y = jiki[0]
if (x + nema[0], y + nema[1]) != jiki[1]:
    hanya = nema
```

Maɓalli nema kawai yake yi. In abin da ya nema zai kai kai gidan da wuya yake, a yi watsi da shi. Dalilin da ya sa muka fara da gaɓa uku ke nan, don a samu wuyan da za a duba. Wannan yanki yana zuwa kafin na mataki na 2.

Mataki na 5: cizon kai da karo da bango

```python
kx, ky = sabon_kai
if sabon_kai in jiki[1:] or not (0 <= kx < FADI and 0 <= ky < TSAWO):
    ana_wasa = False
```

`jiki[1:]` na nufin duk jiki ban da kai. In ka manta da wannan yankan, kai zai tarar da kansa a jerin, wasa ya mutu a takun farko.

Inda za ka ajiye shi ma yana da muhimmanci: bayan an yanke wutsiya, ba kafin ba. Dogon maciji yakan naɗe har kai ya biyo wutsiya gida da gida. Gidan da kai zai shiga, wutsiya na barinsa a wannan takun, don haka babu cizo. In ka duba kafin `pop`, za ka kashe gwanin ɗan wasa daidai lokacin da ya fi nuna gwaninta.

Mataki na 6: kada abinci ya faɗo a kan jiki

```python
def sabon_abinci():
    fili = [(a, b) for a in range(FADI) for b in range(TSAWO)
            if (a, b) not in jiki]
    return random.choice(fili)
```

Da maciji na gaɓa uku ba za ka ga amfanin wannan ba. Da ya kai gaɓa 200, kashi ɗaya cikin uku na fili jikinsa ne, kuma abincin da aka jefa ba a duba ba zai riƙa sauka a ƙarƙashinsa. Shi ya sa muke tattara gidajen da babu kowa, mu zaɓa daga cikinsu. Ka rubuta wannan a sama, kafin zagayen wasa.

In kana son ya ƙaru da gaɓa uku a loma ɗaya

Kada ka liƙa gaɓoɓi uku lokaci guda, don ba ka san ko akwai bango a bayan wutsiya ba. Mayar da shi bashi. Sa `bashi = 0` a sama, ka sauya ƙarshen mataki na 2:

```python
if sabon_kai == abinci:
    bashi += 3
    abinci = sabon_abinci()

if bashi > 0:
    bashi -= 1
else:
    jiki.pop()
```

Ya ci abinci, yana bin ka gaɓa uku, kana biyansa ɗaya-ɗaya ta hanyar ƙyale wutsiya taku uku a jere. A ido za ka ga wutsiya ta tsaya cik, kai na ci gaba, sannan ta biyo baya. Ya fi kyan gani nesa ba kusa ba.

Don ka tabbatar komai ya zauna, mayar da `tick` zuwa 2, sa `print(len(jiki), jiki)` a ƙarshen zagaye, ka kalli lambobin suna sauyawa yayin da macijin ke jan jiki. Sannan rage fili zuwa gida 5 da 5, ka sauya lambobin farko na `jiki` da `abinci` su faɗo cikin sabon filin (in ba haka ba wasa zai mutu a takun farko), ka yi ƙoƙarin cika shi. In ka yi nasara, shirin zai tsaya da saƙon `IndexError`, domin `fili` ya zama wayam kuma `random.choice` bai samu abin zaɓa ba. Sai ka sa sharaɗi a cikin `sabon_abinci`: in babu sauran gida, a tsayar da wasa a rubuta wa ɗan wasa a allo cewa ya ci.